Ranar da Ozell Ya Saki Sanda

In ka shigo Yancey Bend ta hanyar gada, allon farko da za ka ci karo da shi ba na coci ba ne, ba kuma na masu sayar da taki ba. Na Cleon Pettiford ne, ɗan garinmu ɗaya tilo da ya taɓa buga ƙwallon Amurka a babbar gasar ƙwararru. Rana da ruwan Mississippi sun cinye fentin, har hular kwanon da aka zana masa ta koma kamar tukunyar da aka kife. Mai allon kuwa yana nan da ransa, yana tuƙa motar ɗaukar tarwada daga tafkuna zuwa kamfanin yanka. Kullum ya zo wucewa ta wurin, sai ya sami abin da zai gyara a rediyon motarsa.

Mutane kan ce ya buga a ƙwararru kamar shekara goma ya yi a can. Kaka ɗaya ce, ita ma ba ta kai ƙarshe ba. Wani kulob na can arewa ne ya ɗauke shi bayan ya gama jami'a, ba don jifa ba, ba don cafe ƙwallo ba. Aikinsa shi ne in an buga ƙwallo sama a farkon wasa, ya sheƙa a guje daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, ya yi karo da duk wanda ya cafe ta, ya kai shi ƙasa. Aiki ne da ake ba samarin da ba su san ciwon jikinsu ba, kuma Cleon ya iya shi. Da sanyi ya fara shigowa a shekarar, cocinmu ya yi hayar bas, dattawa da mata suka cika ta da kuloli na soyayyar kaza, suka yi kwana da yini a hanya don su ga ɗansu. Bugun farko Cleon ya sheƙo, ya kayar da mutuminsa, gwiwarsa ta hagu ta juya ta inda ba a halicce ta ta juya ba. Kafin mutanen Yancey Bend su gama gyara zama, an fitar da shi a 'yar ƙaramar mota. Likitoci suka yi nasu aikin, kulob ma ya yi nasa, ya sallame shi da fara'a da tikitin jirgi.

Abin da ya fi gwiwar yi masa ciwo shi ne mahaifinsa. Ozell Pettiford yana cikin waccan bas. Da Cleon ya dawo gida da sandunan guragu a hammata, tsohon ya karɓi jakarsa, ya tambaye shi ko ya ci abinci, magana ta ƙare ke nan. Bai ce sannu da ƙoƙari ba, bai ce kaico ba, kuma shekaru suka yi ta wucewa bai taɓa ɗaga zancen ranar ba. Cleon ya fassara shirun yadda zuciyarsa ta ba shi, ya ɗauka kunya ya ba tsohon a gaban jama'a. Tun daga nan bai sake taka filin makarantar sakandare ba. Ko hanyar da ta bi ta gabansa ba ya bi, gwamma ya zagaya ta bayan injin gurzar auduga ya sha ramuka.

Shi Ozell dama ba mai tafi ba ne, aikinsa ne ya hana shi. Tun kafin a haifi Cleon yake riƙe da sandar gaba ta sarƙa a filin makarantar. Dogayen sanduna biyu ne da sarƙa mai yadi goma a tsakaninsu, ita ke nuna ko masu ƙwallo sun ci yadi goman da ake nema a yunƙuri huɗu, ko ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ba a biyan masu sarƙa, sai burodi da tsiran alade da kofi a hutun rabin lokaci. A gefen baƙi suke tsayawa, cikin tsakiyar 'yan adawa, kuma dokarsu biyu ce. Ba tafi, ba ihu, ko ɗanka ne ya ci. In kuma ka ga 'yan wasa sun nufo ka a guje, ka saki sanda ka ja da baya. Duk shekarun da Cleon ya yi yana kayar da 'ya'yan mutane a filin nan gari yana ihu, ubansa yana can tsaye, fuska kamar ta mai gadin banki, ido a kan ƙafar alƙalin wasa don ya ga inda za a kafa sanda.

A kakar bana, Ozell ya ba saba'in baya da nisa, ƙafafu suka fara yi masa gardama. A wasan da ya gabata samari biyu suka zo a guje, hannu ya saki sanda a kan lokaci, amma ƙafa ba ta bi umarni ba. Suka yi awon gaba da shi. A gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi, kowa ya miƙe tsaye ya yi shiru. Allah ya kiyaye ba karaya, sai ƙugu da ya yi baƙi kamar gawayi.

Ranar Lahadi bayan coci, Mista Gaskin shugaban makaranta ya zo gidan ɗauke da kek ɗin da matarsa ta gasa. A garinmu in shugaban makaranta ya zo maka da kek, ka shirya jin abin da ba ka so. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya taɓo inshora, ya taɓo hutu, ya ce har lambar yabo za a buga masa. Ozell ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya tuna masa cewa wasa ɗaya ya rage a kakar, da Dunlap Ferry, 'yan tsallaken kogi, waɗanda tun zamanin kakanni ba ma ga maciji da su.

Ya ce, "A kwance aka fitar da ni filin nan, Yallaɓai. Ba haka nake so in bar shi ba. Ka bar ni in fita da ƙafata, in ya so ka buga lambarka."

Mista Gaskin ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya juya kofinsa, ya juya, daga ƙarshe ya gindaya sharaɗi. Sai an sami ƙaƙƙarfan namiji daga cikin dangi ya sa falmaran ɗin masu sarƙa, ya tsaya a bayan tsohon, ya riƙa janye shi in an nufo su. In kuwa aka sami matsala ko ɗaya, su biyun za su bar fili nan take. Ƙaƙƙarfan namiji a dangin Pettiford ɗaya ne, kowa a ɗakin ya san ko wane ne, ba wanda ya ambaci sunansa.

Ozell ba zai roƙa ba ko za a yanka shi. Verlene ce ta je, yayar Cleon, wadda ke dafa abincin makaranta kuma ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, umarni take bayarwa. Ta same shi a bakin tafki ana loda kifi, ta zayyana masa komai ba tare da ta fito daga mota ba. Cleon ya ce yana da aiki ranar Asabar. Ta ce tarwada ba ta san Asabar ba. Ya ce gwiwarsa ba ta son tsayuwa. Ta ce jiya ta gan shi ya ɗaga injin ban ruwa shi kaɗai.

"Yaya, ba zan shiga filin nan ba," in ji shi. "Kin san dalili."

"Na san dai kai da Baba jirgi ɗaya ya kwaso ku. Taurin kai kamar na jakin gona. To zauna, ni zan sa falmaran ɗin, ka ga in Gaskin zai ce ni ba namiji ba ce." Ta ja motarta ta bar shi da ƙura.

Ranar Alhamis da yamma ya kai wa tsohon kifi kamar yadda ya saba. Ya buga ƙofa ba amsa, sai ya zagaya ta bayan gida. Ozell yana ƙarƙashin babbar bishiya, riƙe da manjagara a tsaye, haƙoranta sama, yana kallon wani abu da babu shi a wajen shinge. Can sai ya saki manjagarar, ya ja da baya da sauri iyakar yadda ƙugun ya yarda, yana jan ƙafa ɗaya. Ya tsaya ya huta, ya dawo, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya sake kafa ta. Ciyawar wurin har ta kwanta, alamar ba yau aka fara ba.

Cleon ya daɗe a jikin bango da ledar kifi a hannu. Tausayi ya kama shi, har da haushin kansa. Da manjagarar ta sake faɗuwa, sai ya taka ya riga tsohon ɗauka. Ozell bai nuna mamaki ba, bai kuma ji kunyar an kama shi ba. Ya juya masa baya kawai, ya nuna bel ɗin wandonsa, ya ce nan zai kama, kuma ja zai yi, ba ɗagawa ba, don shi ba buhun taki ba ne. Suka yi ta gwadawa har sauro ya kore su.

Ranar Asabar ta zo da rana mai daɗi da iska mai ɗan sanyi. Auduga ta zuba a gefen hanya daga manyan motoci, 'yan badujalar makaranta suna ta kiɗa, hayaƙin gasasshen nama ya rufe bakin ƙofa. Cleon ya yi zaton ƙafarsa za ta ƙi shiga, amma ta shiga lafiya lau. Hancinsa ne ya ci amanarsa. Ƙanshin ciyawar da aka yanke da na farin fentin layi suka doke shi lokaci guda, ya ji cikinsa ya ɗaure kamar shi za a kira ya buga. Falmaran ɗin mai ruwan lemo bai rufe masa ƙirji ba. Hosea Tubbs mai aski, wanda ke riƙe da sandar baya, ya dube shi sama da ƙasa ya ce yau sarƙar Yancey Bend ta yi arziki, ta sami ƙwararre mai riƙe mata wando.

Rabin farko ya tafi sumul. Sau biyu aka nufo su, sau biyu Cleon ya kama bel ya ja, tsohon yana gunaguni wai ana jan shi kamar akuya. Tsakanin haka Cleon ya ga abin da bai taɓa gani ba lokacin da yake cikin fili. Duk sanda yaranmu suka yi abin kirki, yatsun Ozell sai su matse sandar har jijiyoyin hannu su tashi, fuskar kuwa ko gezau. A hutun rabin lokaci suka ci burodinsu a tsaye, Hosea yana ba da labarin wani alƙalin wasa da kare ya taɓa kora. Cleon ya kama kansa yana dariya, abin ya ba shi mamaki.

Bayan an dawo ne abin ya faru. Dunlap Ferry suna da wani siririn yaro mai gudu kamar zomo. Aka miƙa masa ƙwallo, ya zille wa mutum biyu, ya kama bakin layi ta gefen masu sarƙa. Yaranmu biyu suka biyo shi suna matso shi waje, su ukun suka nufo sandar gaba gadan-gadan. Hannun Cleon yana kan bel, ya san aikinsa, sun gwada shi har sauro ya gaji da su. Amma jikin da aka horar tun yana ɗan shekara tara bai san ja da baya ba. In mai ƙwallo ya nufo ka, abu ɗaya ake yi. Hannun ya bar bel, kai ya ɗaga, kafaɗa ta sauka, ƙafar dama ta tsallake farin layi ta shiga fili. Ya tari yaron a ƙugu, ya rungume cinyoyinsa, ya ɗaga shi sama ya kwantar da shi a kan ciyawa, tsaf, yadda ake koyarwa.

Filin ya yi tsit, har 'yan badujala suka sauke ƙahoninsu. Sai ƙyallayen rawaya na alƙalai suka fara tashi sama ta ko'ina, usur yana ta kuka. Kocin Dunlap Ferry ya jefar da hularsa yana tsalle yana kiran sunayen da ba a faɗa a gaban mata. Yaron dai ko ƙwarzane bai yi ba. Yana kwance rungume da ƙwallonsa, ya leƙo ta cikin ƙarafan hularsa ya ce, "Yallaɓai, kai ne na allon bakin gada?" Cleon ya ce shi ne, ya miƙa masa hannu ya tashe shi.

Babban alƙali bai ɓata lokaci ba. Ya ce ba don mai falmaran ba da yaron ya kai ƙarshen fili, don haka ya ba Dunlap Ferry makinsu shida, ya nuna wa Cleon hanyar waje. Gefen baƙi suka ɓarke da sowa da ature na baki, gefenmu kuwa rabi suna salati irin namu na coci, rabi suna riƙe da ciki don dariya. Daga can Mista Gaskin ya taso yana ratso fili, tafiyar mutumin da ya san dama haka za ta faru.

Sai a lokacin Cleon ya tuna da abin da ya kawo shi. Ya juya a firgice. Sandar gaba tana kwance a ciyawa. Ozell yana can baya, nesa da layi, tsaye a kan ƙafafunsa, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ja shi. Ya saki sanda ya ja da baya shi kaɗai, kamar yadda ya yi ta gwadawa da manjagara. Da Cleon ya tsaya inda aka ajiye shi, da tsohon ya gama wasansa lafiya. Kunya ta rufe shi, ya ji ya fi ranar gwiwa ƙanƙanta, don wancan karon kansa ya cuta, yau kuwa abu ɗaya da tsohon ya nema a duniya ne ya ɓarar.

Ozell bai jira Mista Gaskin ya buɗe baki ba. Ya taka ya ɗauki sandarsa, ya dubi Hosea, suka ja sarƙa ta miƙe, ya kafa sandar daidai inda take. Ya yafuto wani malamin lissafi da ke tsaye kusa, ya damƙa masa, ya gaya masa dokokin nan biyu a taƙaice. Ya cire falmaran ɗinsa ya ninke, ya miƙa wa shugaban makaranta, ya ce ya gaida uwargida, kek ya yi daɗi. Sannan ya kama hanya, yana ɗingishi kaɗan, ɗansa yana biye da shi kai a ƙasa.

Sai an zagaya ta ƙarshen fili kafin a kai gefenmu. Sun kai wajen turakun gola Cleon ya kasa haƙuri.

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka."

Tsohon ya tsaya yana maida numfashi. Bai dubi ɗansa ba, fili yake kallo.

"Ranar nan a birni," in ji shi, "can sama suka zaunar da mu, kusa da tsuntsaye. Ni da na saba da bakin layi. Duk kun zama ƙanana, kaya iri ɗaya. Na zaɓi wani na ce kai ne, na bi shi da ido har ƙarshen fili. Ashe ba kai ba ne. Ban gane ka ba sai da kowa ya tashi, saura mutum ɗaya."

Cleon bai ce komai ba.

"A bas kowa yana ta ba da labarin yadda ka kayar da shi. Ni ban gani ba. Kwana da yini a hanya, ban gani ba. To me zan ce maka? Lokacin da kake buga wa makarantar nan kuma, ƙafar alƙali nake kallo." Ya ɗaga hannayensa biyu ya dube su, babu komai a ciki. "Yau dai na gani. Kai sama, kafaɗa ƙasa. Haka ake yi."

Sai ya fara tafi. Tafi ne na wanda bai saba ba, a hankali, tafin hannu yana kuskuren ɗan'uwansa, kuma shi kaɗai ne a filin yake yi, don an riga an koma wasa, ba wanda ya san abin da ake wa tafi. Ya yi ta yi yana kallon ɗansa ido cikin ido. Cleon, ƙato mai cika ƙofa, ya tsaya cikin falmaran ɗin da bai rufe masa ƙirji ba, hawaye yana bin gemunsa, bai ko share ba. Daga can nesa Hosea Tubbs ya hango su, hannunsa a kan sanda, bai da halin taya su, sai ya ɗaga musu haɓa.

Da hannayen suka gaji, Ozell ya goge su a wando, ya kama damtsen ɗansa don ƙugun ya fara magana. Suka ci gaba da tafiya a hankali zuwa wajen masu gashi, inda Verlene take tsaye hannu a ƙugu tana jiran su da abin da ta tanada a bakinta.

"Ka ci abinci?" in ji tsohon.

Cleon ya ce bai ƙoshi ba. Ozell ya ce shi ma haka, kuma yau a zaune zai ci.